Ɓarawon Da Ya Zuba Wa Janareta Mai

"Ku ja baya mana! Ku ba ni hanya!"

Da ƙyar Sufeto Ishaya Dogo ya kutsa cikin mutanen da suka toshe ƙofar kemis ɗin Madam Adaora a Sabon Gari. Ma'aikatan gwamnati ne, kowa riƙe da katin inshorar lafiyar nan da aka shigo da ita bara, sun yi sammakon karɓar allurar ciwon suga. Wani dattijo har ya zube ƙasa, jiri na ɗibarsa.

Madam Adaora ta buɗe firiji. Benen sama wayam.

"Insulin ne aka kwashe, Ofisa, kason masu kati. Kamfanin inshora ba zai aiko wani ba sai sabon wata. Me zan ce wa bayin Allahn nan?"

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ba. Ya zura hannu a firijin, sanyi ƙalau.

"Ba tun jiya da yamma aka ɗauke wuta ba?"

"Tun jiya. Kuma ɗan man da na bari a janareta bai taka kara ya karya ba."

Suka zaga baya. Janareta na ruri, tanki cike fal. Sufeto ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya sha kama masu tsotse mai, amma ɓarawon da zai ƙara maka daga aljihunsa, yau ya fara gani.

Ya kira maigadi, Malam Tanko.

"Wallahi ko kyanwa ba ta wuce ba, yallaɓai."

"To wa ya zuba mai?"

"Ikon Allah ne."

"Ikon Allah da mazurari yake zuwa?" Sufeto ya ɗaga mazurarin da aka mance a kan tanki.

Tanko ya yi wuƙi-wuƙi. "Au, sai dai Oga Raphael mai gyaran janareta. Yana da makullin baya. Ai shi ɗan gida ne, ban sa shi cikin mutane ba."

A Palladan suka sami Raphael, makaniken wata ma'aikatar gwamnati a Samaru. Wata budurwa ramammiya na kwance a tabarma.

"Mai kawai na zuba na fito," in ji shi. "Ko firijin ban kalla ba."

Kan Sufeto ya ƙara ɗaurewa, don mutumin bai yi kama da ɓarawo ba. Ƙishi ya dame shi, ya nufi wata randa da aka kafa cikin jiƙaƙƙen yashi.

"Wannan ba ta sha ba ce!" Matar gidan ta zabura.

Randar da ba ta sha ba, amma ana jiƙa mata yashi? Ya ɗaga murfi. Ga gwangwani ƙulle a leda, kwalaben insulin jere ciki.

Raphael ya durƙusa. "Peculiar ce, 'yata. Watan jiya ta cika shekara sha takwas, suka ce kati ya daina ɗaukarta. Ciwon kuwa bai san ta girma ba. Har Kaduna muka kai kuka, mu iyaye, aka ce ana dubawa."

"To man fa?"

"Akwai rigakafin jarirai a ƙasan firijin, yallaɓai. In ya lalace, alhaki a wuyan wa?"

Sufeto ya dubi yarinyar, ya tuna dattijon da ya bari a ƙasa. Ya rasa wa aka yi wa satar. Ya ɗauki gwangwanin, ya juya wa abokin aikinsa Kofur Chuks baya, ya bar kwalba ɗaya ta sulale cikin randa.

"Sa masa ankwa, mu tafi."

Suna isa mota sai ga ɗan acaɓa ya ci burki. Wani mutum ya diro yana haki.

"Kai ne Sufeto? Kemis ɗina a Muciya, an kwashe min firiji! Kuma abin mamaki, janareta..."

"Cike da mai," in ji Sufeto. Ya waiwayi Raphael.

"Ba ni ba ne, yallaɓai. Ai ba 'yata kaɗai ta cika sha takwas ba."