Shekarar da Aka Buɗe wa Shamuwa Hanya

Ƙarfe shida na safe Murhu yake farkawa, in har za a ce abin da ba ya barci ya farka. A lokacin ne yake zuba labarin birnin Dogon Tafki a kan babban allon gilashi da ke hawa na talatin na Gidan Lafiya Ɗaya: mutum nawa ya kwana da tari, zafin jikin kowace saniya mai 'yar na'ura a kunne, abin da magudanan ruwa suka kwaso daga unguwanni. A wannan safiya ta watan Afrilu komai kore ne, alamar lafiya lau. Can ƙasan allon kuma wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe, alamar tsuntsaye, suna tahowa daga kudu. Da suka iso wani shuɗin zobe da ya kewaye birnin, sai suka karkata yamma, suka bi gefensa suka wuce.

Dakta Kubura Nomau ta bi su da ido har suka fice daga allon. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, kuma duk Afrilu haka take kallon su suna wucewa.

Murhu ƙwaƙwalwar na'ura ce da gwamnati ta kafa bayan annobar murar tsuntsaye, wadda ta taso daga agwagin daji ta shiga kaji, daga kaji ta afka wa mutane. Kafin annobar, ma'aikatar lafiyar mutane da ta dabbobi da ta muhalli ba sa ga maciji da juna. Kowace tana rufe takardunta kamar asirin gado, in ɓarna ta auku kuma kowace ta nuna 'yar'uwarta da yatsa. Sai da aka binne mutum dubu tara sannan aka tara su a gini ɗaya, aka haɗa musu ido da kunne a na'ura ɗaya. Aka sa mata suna Murhu, don tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Aka kuma yi doka: ba a kunna komai, ba a kashe komai, sai shugabannin uku sun dangwala yatsa a rana ɗaya.

Abu na farko da suka dangwala wa yatsa shi ne Shingen Sama. Shi ne shuɗin zoben nan na kan allo, hasumiyoyi ɗari biyu da suka zagaye birnin, suna fitar da wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, amma duk tsuntsun da ke tahowa daga nesa ba ya iya jure shi. Shingen ya yi aikinsa, wannan ba a musu. Shekara ashirin da uku ko kaza ba ta yi atishawa ba. Sai dai shi sauti ba ya tambayar tsuntsu sunansa. Ya kori agwagin da suka kawo cutar, ya haɗa da shamuwa wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

Mahaifin Kubura, Malam Nomau, yana zaune a tsohuwar unguwa, inda dogayen benaye ba su gama haɗiye gidajen ƙasa ba. A tsakar gidansa akwai rimi, a bayan gidan akwai 'yar gona. Tun zamanin kakansa shamuwa ke sheƙa a kan rimin nan. Al'adar gidan ita ce, da an ga hadari ya fara leƙowa sai a ɗora tsohon kwando a reshe don baƙuwar ta sami inda za ta fara gini, kuma ba a zuba iri a ƙasa sai ta sauka. Annobar ce ta ɗauke masa matarsa, uwar Kubura, amma bai taɓa ɗora wa tsuntsu laifi ba. Duk shekara sai ya sa an ɗora kwandon, duk shekara sai ya rasa wanda zai shiga, sai ya haƙura ya yi shuka a makare yana gunaguni.

Bana ya cika tamanin da huɗu, zuciyarsa ta fara gajiya. Ranar Juma'a Kubura ta same shi a kan tabarma a gindin rimin.

"Baba, Murhu ya ce ruwan farko zai sauka ran sha biyu ga Mayu. A gyara iri."

"Murhun naku ya taɓa jiƙa a ruwan sama?" ya tambaye ta. "Ni ba ranar nake nema ba, Kubura. Mai kawo albishir ɗin nake nema. Uwarki takan jiyo fukafukansu tana bakin turmi, ta saki taɓarya ta fito da gudu kamar yarinya."

"Na tuna, Baba."

"Likitan nan abokin aikinki ya gaya miki abin da bai gaya mini ba, na gani a fuskarki. Ba komai. Ni dai ina so in ga ɗaya ta sauka a kan rimin nan kafin a fitar da ni ta ƙofar can. Ɗaya tak."

Kubura ta daɗe tana tara hujjojin neman a kashe Shingen na ɗan lokaci, amma sai ranar ta sami ƙarfin halin kai su gaban shugabannin uku. Hujjojin kuwa masu ƙarfi ne. Shamuwa cin fara take yi, tun da aka kore ta sai farar ta yi yawa a gonakin da ke cikin Shinge. Aka shiga fesa magani da jirage marasa matuƙa. Ruwan sama ya wanke maganin zuwa tafki, shanu suka sha, yara suka ci kifi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, Murhu kuma yana nuna hakan a wani lungu na allonsa da ba wanda ke son dubawa.

Shugaban muhalli ya amince tun kafin ta rufe baki. Na dabbobi ya ce a ba shi kwana uku ya yi nazari, ya ci kwana bakwai, sannan ya amince. Saura Hajiya Turai, shugabar lafiyar mutane. Ita kuwa tana ƙaramar likita lokacin annobar, da hannunta ta rufe idon mutanen da ba ta san adadinsu ba.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Hajiya Turai. "Ki buɗe wa shamuwa, wa zai tsaya a ƙofa ya hana agwagwa?"

"Ranki ya daɗe, agwagin sun koma arewa tun watan jiya. Ba za su dawo ba sai bayan damina. Kwana arba'in kawai nake roƙo."

"Don fara kike roƙo, ko don tsohonki? An ba ni labari."

Kubura ta sunkuyar da kai. Ƙarya ba za ta yi amfani ba a ginin da har bugun zuciyar ma'aikata ake aunawa.

"Hujjojin na fara ne, Hajiya. Gaggawar ce tasa."

Hajiya Turai ta daɗe tana kallon ta. Ita ma 'yar ƙauye ce, ita ma ta taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiya tana ɗaga kai. A ƙarshe ta miƙa yatsa ta dangwala, ta ce, "Arba'in. In kaza ɗaya ta yi tari, ni da ke za mu kwana a gaban majalisa."

Ranar ashirin da shida ga Afrilu, da hantsi, hasumiyoyi ɗari biyu suka yi shiru a karon farko cikin shekara ashirin da uku. Ba wanda ya ji bambanci, tunda dama ba wanda ke jin su. Amma labari ya zaga gari. Tsofaffi suka fito da kwanduna daga ɗakunan ajiya, matasan da ba su taɓa ganin shamuwa ba sai a hoto suka riƙa ɗora su a kan rufin benaye suna dariya. Malam Nomau ya sa aka wanke masa farar rigarsa ta Idi. Kullum da safe sai ya sa ta, a kafa masa kujera a gindin rimi, ya zauna kamar mai jiran baƙo daga Makka.

Kwana goma ba labari. Ƙananan ayari sun riga sun wuce kafin a kashe Shingen, saura babban, wanda yakan zo gab da ruwan farko. Kubura ta rame don jira. Tana son ganinsu saboda mahaifinta, amma da ta zauna ta bincika zuciyarta sai ta tarar ita ma kewarsu take yi, kewar da ta binne tare da uwarta tun tana 'yar shekara sha huɗu.

A rana ta sha huɗu, wajen ƙarfe tara, ɗigon suka bayyana a ƙasan allon. Dubu huɗu da 'yan kai. Ma'aikatan sassan uku suka bar kujerunsu suka cika ɗakin. Shuɗin zoben babu shi, sama a buɗe take tun daga kudu har rimin Malam Nomau. Ayarin ya taho kai tsaye, ya matso, ya matso. Da ya iso daidai inda zoben yake a da, sai na gaba ya karkata yamma, na baya suka bi shi. Suka zagaye birnin a kan layin Shingen, ba su kuskure shi da taku ɗaya ba, suka miƙe arewa.

"Wata hasumiya ce ba ta mutu ba?" Kubura ta tambayi injiniyan da ke kusa da ita.

Ya duba, ya sake dubawa. "Duk a kashe suke, Dakta. Ba abin da ya kore su. Hanyar da suka koya ke nan."

Ba ta jira an tashi aiki ba. Ta hau jirgin ƙasa na cikin gari ta sauka a tsohuwar unguwa, ta tarar da mahaifinta cikin farar riga, kai a sama. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

"Sun zo?" ya ce tun kafin ta gama sallama.

Ta durƙusa a gabansa. "Sun zo, Baba. Sun wuce."

"Ba a kashe abin ba ne?"

"An kashe. Da suka iso inda yake, sai suka kauce da kansu."

Malam Nomau ya murza gefen rigarsa. Ta zaci zai yi faɗa, ko ya yi kuka. Sai ya tambaye ta a hankali, "Wa aka tura?"

"Tura ina, Baba?"

"Biko mana. Ke ma kin sani, wadda aka yi wa laifi ta yi yaji, ba buɗe ƙofa ake yi a koma a harɗe ƙafa ba. Dattijo ake samu ya ɗauki goro, ya bi ta har inda take, ya ba da haƙuri. Kun kore su shekara ashirin da uku ba su yi muku komai ba. Wa kuka tura?"

Kubura ta bi ginin nasu hawa-hawa a cikin zuciyarta, sassa uku, ofis ɗari huɗu, da na'urar da ta san zafin jikin kowace akuya a birnin. Ba ta sami ofishin da wannan aiki zai faɗa ba.

"Ba kowa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake ɗaga ido ga rimin.

"Da ina da ƙafa da na je da kaina," ya ce. "Ni ai sun san ni."

Murhu ya riga ya auna shekarun ayarin tun da safe, ya nuna mata cewa a cikin dubu huɗun nan babu ko ɗaya da aka ƙyanƙyashe kafin a kafa Shingen. Wannan kam ba ta faɗa masa ba.