Wanda Ya Ɓare Filastar Bodil

Iskar teku na kaɗa ruwan sama a gicciye a kan titunan Esbjerg sa'ad da aka bugo wa Sufeto Gudrun Thygesen waya daga asibiti.

"An kawo mana wata tsohuwa, Bodil Krag, daga gidan kula da tsofaffi na bayan tashar jiragen kifi," in ji likitar da ke kan layi. "Ta faɗi a banɗaki da safe, ta karya ƙugu. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce ga mai cutar Parkinson. Amma filastar maganin da muka tarar a bayan kafaɗarta ba tata ba ce. Ƙarama ce, tsohuwa, maganin cikinta ya ƙare, kuma da salatif aka liƙe ta."

"Ina tata ta ainihi?"

"Shi ya sa na kira ku."

Gudrun ta ɗauki rigar ruwanta, ta ƙwanƙwasa teburin Saje Preben Holk, wanda ke tsaka da cin baƙar gurasa da kifi.

"Tashi, Preben. An yi sata."

"Me aka sace?"

"Filasta."

Ya dube ta, bakinsa cike. "Shekara ashirin ina wannan aiki, yau kuma filasta? Gobe ma sai a ce mu nemo haƙoran roba."

Duk da haka ya miƙe.

A gidan tsofaffin, Dokta Nyvang ne ya tarbe su, wani dogo mai gilashi, shi ke duba mazauna gidan. Hawa bene ɗaya kawai suka yi numfashin Preben ya sarƙe, ya zaro ɗan abin shaƙarsa na asma ya zuƙa.

"Yauwa, ka rage mini aiki," in ji likitan, yana nuna shi. "Abin nan da ka zuƙa da filastar Bodil dangi ɗaya ne. Jikin mutum cike yake da 'yan ƙofofi, kowace da kwadonta. Jiki na yin nasa makullan da kansa. A ƙwaƙwalwa akwai wani mai suna dofamin, shi ke buɗe ƙofofin motsi. Mai Parkinson makullansa ne suka yi ƙaranci, sai jiki ya sandare, hannu ya yi ta rawa. Maganin da ke cikin filastar makulli ne da aka yanko kama da na jiki. Yana ratsa fata a hankali, ya je ya shiga kwadon, ya murɗa. Naka, Saje, kwadonsa a huhu yake. Morfin ma, maganin kashe ciwo, haka yake aiki, nasa ƙofofin daban."

"In aka cire wa Bodil tata da rana fa?" Gudrun ta tambaya.

"Kafin gari ya waye ta zama itace."

"In kuma mutum ya liƙa fiye da ƙima?"

Likitan ya cire gilashinsa ya goge. "Sai ƙofofin da bai kamata su buɗe ba su buɗe. Wani ya kama caca, wani ciye-ciye, wani ya riƙa ganin mutanen da babu su a ɗakin."

"Su wa ke amfani da ƙaramar filasta a gidan nan?"

"Mutum uku. Mata biyu masu ciwon ƙafafu da ke hana barci, da wani dattijo da na rage wa tasa a farkon kaka. Amma dukkansu ma'aikatan jinya ne ke liƙa musu."

Ma'aikaciyar jinyar safe, Solvej, ta zauna a gabansu a ɗakin shan gahawa tana murza zoben hannunta.

"Ke ce ke canza wa Bodil filasta?"

"Ni ce, kullum da safe."

"Jiya wace iri kika liƙa?"

"Babba. Tata."

"Wadda kika cire fa?"

"Babba ce ita ma. Ban taɓa ganin wani abu daban ba."

Gudrun ta fito da hoton da asibiti ya turo, ta ajiye wayar a kan tebur. "A kewayen wurin akwai sawun salatif, wani sabo, wani ya yi baƙi da datti. A ɗaya kafaɗar ma akwai. Wannan ba aikin jiya kaɗai ba ne, Solvej. Ke ce ke ɓare su. Da ido a rufe kike ɓarewa?"

Fuskar matar ta yi ja.

"Na gani. Na ga ƙarama da salatif, ba sau ɗaya ba. Na ɗauka 'yar aikin yamma ce ke kuskure, sabuwa ce, tana da 'ya'ya ƙanana, ban so a kore ta. Na tambayi Bodil, ta ce in daina sa mata ido."

"Ita Bodil ta ce haka?"

"Da bakinta."

"Ina take wuni?"

"A ɗakin gilas mai kallon tasha. Bayan abincin rana takan yi gyangyaɗi a kujera. Mutane na shiga suna fita."

A mota Preben ya ce, "Ƙarya take. Ita ke kwashewa tana sayarwa."

"Wa zai sayi filastar da aka ɓaro daga bayan tsohuwa, alhali kwalin sababbi na hannunta? Mai makullin kabad ba ya sata a kafaɗa."

"To ke kika sani. Ni dai abincina ya huce."

"Kifi mai sanyi ne, Preben. Da ma a huce yake."

Sai washegari aka bar su suka ga Bodil, bayan an yi mata aiki. 'Yar ƙaramar mace ce, farin gashi a tsefe tsaf, idanu kamar na tsuntsu. A da ita ke sayar da tikiti a jirgin ruwan da ke tsallakawa tsibirin Fanø.

"Uwargida Krag, ni ce Sufeto Thygesen."

"Na ji labarinki, 'yar nan. Kin sha wahalar banza. Ni na cire abata. Ƙaiƙayi take min."

"Ƙaramar fa, ina kika samo ta?"

"A kwandon shara."

"Kika liƙa da kanki?"

"Da wa zan liƙa?"

Gudrun ta jawo kujera kusa da gadon. "Taɓa mini wurin."

Tsohuwar ta ɗaga hannu. Yana rawa, ya kai wuya da ƙyar, ya tsaya. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe, hannun ya faɗo kan bargo.

"Wa kike karewa?"

Bodil ta juya fuska wajen taga. "Mijina ya rasu ina da ƙuruciya. Tun daga nan duk hannun da ya taɓa ni, safar roba ce a kansa. Kin san haka? Likita, mai jinya, mai wanka. Dukkansu da safa."

"Wannan kuwa babu safa," in ji Gudrun.

"A hankali yake ɗaga wuyan rigar, kamar mai ɗaukar ƙwai. Yana zaton barci nake. Ban taɓa yin barci ba, ko sau ɗaya." Ta juyo ta dubi Gudrun. "In ya gama liƙawa sai ya shafa wurin da tafin hannu, ya gyara mini mayafi. Ran farko hannun rawa yake yi. Daga baya ya daina. Sai na ji daɗi, na ce ashe dai ina da amfani."

"Kin san dalilin da ya sa yake yi?"

"Na sani. Ba don ni ba ne." Ta rufe ido. "Ba zan faɗi sunansa ba. Ki je ki yi aikin da ake biyanki."

Dattijon da aka rage wa magani sunansa Aksel Vestergaard, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi. Ɗakinsa na ƙarshen baranda, yana kallon ruwa. Gudrun ta sa Dokta Nyvang ya jira a waje, ta shiga da Preben.

"Ku shigo, ku shigo," in ji Aksel. Faffaɗan mutum ne, gemu fari, sanye da rigar ulu mai kauri. "Kun taki sa'a, yanzu na haɗa gahawa."

Ya jera kofuna huɗu. Ya ɗaga butar, ya tsiyaya ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigo bai zube ba. Gudrun ta bi hannun da kallo. A tsaye yake kamar na saurayi.

"Mu uku ne, Aksel," in ji Preben.

"Lissafinka ke nan."

Preben ya nufi kujerar da ke bakin taga zai zauna. Dattijon ya tare shi da sauri. "Ba nan ba. Ga wata can."

"An ce an rage maka magani," in ji Gudrun. "Likita ya ce ya kamata hannunka ya ƙara rawa."

"Iskar teku ce ta karɓe ni."

"Kakan zauna a ɗakin gilas bayan abincin rana?"

"Ba na zuwa. Surutun mata ya yi yawa."

"Bodil ta karya ƙugu, Aksel. Mai yiwuwa ba za ta ƙara takawa ba."

Kofin da ya ɗauka ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi kan tebur.

"Cewa aka yi gurɗewa ta yi."

"Karaya ce. Cire rigar ulun, don Allah."

Bai yi musu ba. Ya tuɓe ta a hankali, ya naɗe hannun 'yar ciki. A damtsensa akwai ƙaramar filasta, tasa. A ƙasa da ita kuma ga babba, an liƙe gefunanta da salatif.

Ya zauna. Bai dubi Gudrun ba, kujerar bakin taga ya duba.

"Kin ji, Ingelise? Kin ce za a gane. Kullum ke ce da gaskiya."

"Wace ce Ingelise?"

"Matata. Ta rasu a hunturun da ya wuce na bara." Ya faɗa ba tare da muryarsa ta canza ba. "Na san ta rasu, Sufeto, ba zautuwa na yi ba. Ni na zaɓi dutsen kabarinta. Amma da aka ƙara mini magani, wata rana na shigo na tarar da ita zaune a can tana saƙa. Ba ta cika magana ba. Takan ɗago ta dube ni ta saman gilashi, kamar yadda take yi in na dawo daga teku ina warin kifi. Rabin aurenmu a kan ruwa na yi shi. Ita ce ke jira. Sai yanzu na samu lokacin zama da ita."

"Sai ka gaya wa likita."

"Wautata ke nan. Murna ce ta sa na faɗa. Ya ce illar magani ce, ya rage. Cikin 'yan kwanaki kujerar ta koma kujera. Na roƙe shi, ya ce aikinsa warkarwa ne. Na binne ta sau ɗaya, sai ga shi an sa na sake binne ta da takardar likita."

Mahaifiyar Gudrun ta rasu a wani gida irin wannan, kuma tun daga ranar ko a mafarki ba ta zo mata ba. Kwanakin baya ta so ta tuna yadda tsohuwar ke kiran sunanta, ta kasa. Ta tsinci kanta tana kallon kujerar, tana jira, kafin ta farga ta ɗauke ido.

"Tsofaffin filastocinka kake ɓoyewa?"

"Ina cirowa daga shara. In Bodil ta yi barci sai in musanya. Na ce rabin wuni ne kawai, da safe za a sa mata sabuwa. Na ga tana jan ƙafa, na gani sarai, na kawar da kai." Ya dafe fuska da hannu biyu. "Mace ce mai kirki. Ko da wasa ba ta taɓa farkawa ba."

Preben ya buɗe baki, Gudrun ta girgiza masa kai. Wannan maganar ta Bodil ce, ba tasu ba.

"Aksel Vestergaard, na kama ka bisa zargin satar magani da jefa ran wata cikin haɗari. Za mu fara biyawa asibiti a duba ka, daga nan sai ofis. Kana da damar kiran lauya."

Ta buɗe ƙofa, Dokta Nyvang ya shigo. Da ya ga damtsen sai ya sauke numfashi, ya kama gefen babbar filastar.

"Dakata," in ji Aksel. "In ka cire, yaushe za ta tafi?"

Likitan ya dubi Gudrun, sannan ya dubi ƙasa. "Zuwa gobe. Wataƙila jibi."

"To. Cire."

Ba a sa masa ankwa ba. Ya saka rigarsa da hularsa, suka bi baranda a hankali, tsofaffi na leƙowa daga ɗakuna. A bakin ƙofar fita ya riƙe murfin ƙofar ya ɗan jinkirta, sannan ya fito. Ruwan ya tsagaita, jiragen kifi na shigowa tasha, tsuntsaye na bin su da kuka.

Preben ya buɗe masa ƙofar baya. Aksel ya shiga, ya matsa can ƙurya, ya bar rabin kujerar.

"Ƙafar Ingelise ta hagu na ba ta wahala," in ji shi. "Ka ɗan ba ta lokaci."

Preben ya dubi Gudrun ta saman motar. Ya tsaya riƙe da ƙofar, iska na kaɗa masa riga, har sai da dattijon ya gyaɗa kai. Sannan ya rufe a hankali.