Bokiti Mai Shuɗi a Jirgin Kyaftin Delmas

Abin ya fara ne a bazarar da Odessa, wata mai binciken halittun ruwa, ta karɓi aikin ƙidayar halittun ƙasan ruwa a bakin kogin Choptank, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Lorne, matashin mai kamun kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, shi aka ɗauka ya riƙa kai ta a jirgi. Ya ga yadda take tace laka a rariya, tana ɗaga kowace tsutsa da tausayi, sai zuciyarsa ta kamu da sonta.

Kafin kaka ya raɗa mata suna. Ya taɓa rubuto mata: "'Yar Laka, yau na wanke jirgi, amma ƙanshin taɓonki ya ƙi fita. Na bar shi."

Ta amsa: "Kai dai ka ce ƙyuyar wanki ce, masoyi."

Matsalar ita ce mahaifin Lorne, Kyaftin Delmas. Ya ce ƙidayar irin su Odessa ce ta sa aka rufe masa wuraren kamu, don haka ba zai sa wa aurensu albarka ba. Lorne kuwa ya rantse ba zai yi aure babu albarkar ba.

Da ƙyar tsohon ya yarda ta shiga jirginsa sau ɗaya. Ta zo da bokiti shuɗi, ba ta san masunta na ƙin wannan launi a jirgi ba. Ya ɗaure fuska, ya ce malamar tsutsa ta kawo musu rashin sa'a tun daga gaɓa.

Ba ta yi musu ba. Ta ɗebo laka, ta tace a cikin bokitin, tana faɗa masa cewa takardun shekara arba'in sun nuna nau'o'in halittu da yawa sun ɓace a nan, sai 'yan tsutsotsi masu jure ruwan da ya rasa iska. Can sai ta nuna masa wani abu. Wata 'yar katantanwa mai zane na motsi a gindin bokitin.

Delmas ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce rabonsa da ita tun yana yaro yana bin mahaifinsa kamu. Ya ɗauka Allah ya ɗauke ta ke nan.

"Ta dawo, Kyaftin. Tun da aka bar wurin ya huta," in ji Odessa a hankali.

Da kansa ya mayar da ita ruwa. Sannan ya dubi ɗansa.

"A ɗaura auren kafin a buɗe kamun kawa, Allah ya yi muku albarka. Bokitin kuma a bar shi a jirgina."