Kwana Goma da Na Roƙi Luisa

"Kwana goma kaɗai nike roƙonki, Luisa. A yi naɗin nan, sannan mu tafi tare."

Ta ajiye wayar a gefen gado, idanunta sun yi ja.

"Baban Batula, likita bai ba shi kwana goma ba..."

Luisa matata ce. A Jamus muka haɗu, lokacin ina karatun likitan dabbobi. Ita ma 'yar gidan sarauta ce, tsohon gidan da sarakunan Turai suka sha zuwa neman aure. Da ta ce ni take so, ɗan hakimin wani gari a bayan Kebbe, mahaifinta ya ce kada ta ƙara taka masa ƙofa.

Ta biyo ni. Ta musulunta, ta koyi Hausa a bakin Innata, ta iya dama fura. Shekara shida ban taɓa jin ta ce ta gaji da mu ba.

Yanzu tsohon yana kwance, ya ce a kai masa 'yarsa da jikarsa Batula, wadda bai taɓa gani ba. Ni kuma mahaifina ya rasu, manyan gari sun tsayar da ni in gaje shi.

Baffa Ɗanmaliki, ƙanen mahaifina, shi ya ja ni zaure.

"Nu'umanu, mutane na faɗin ranar da Baturiya ta ɗauki ɗiyarka, kai ma bin ta za ka yi. In sunka ga ta fita gabanin naɗi, rawanin ga ya bar gidanmu. Ka je ka ba ta haƙuri."

Na koma ciki na riƙe hannunta.

"Farin cikina, ki yi min wannan kaɗai. Allah zai ba shi lafiya."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Na bar gidanmu dominka ba ka roƙe ni ba. Yau ka roƙa... to, na tsaya."

Ranar kwana na bakwai, da hantsi, yayarta ta kira. Ina tsakar gida na ji Luisa tana magana da Jamusanci, murya ƙasa-ƙasa, sai kuma shiru. Na same ta zaune a ƙasa ta rungume Batula.

"Ya tafi. Har ƙarshe tambaya yake, wai jirginmu ya sauka?"

Na durƙusa kusa da su.

Aka yi naɗi. Ta yi kwalliya, ta tarbi matan Tambuwal da na Dogon Daji, ta amsa kowace barka da murmushi. Ni kaɗai na san ba ta ci abinci ba.

Washegari na miƙa mata fasfo guda biyu.

"Ki je ki ga kabarinsa. Ki yafe min, don Allah."

"Na yafe tun ranar. Mantawar ce ban iya ba tukuna."

Ni na tuƙa su har filin jirgin Sakkwato. Yau wata takwas ke nan. Kowace Juma'a tana kira, ta gaishe da Inna, ta ba ni Batula mu yi hira. In na tambaye ta yaushe za su dawo, sai ta ce, "Ka ƙara min lokaci, Baban Batula."

Ni kuwa ba ni da bakin cewa ya yi yawa.