Mai Igiya da Shaidar Turmi

A can wani gari mai yawan giginya, an yi wani tsoho mai tukar igiya. Masu hawan giginya sukan ɗaura igiyarsa a ƙugu, don in ƙafa ta zame ta riƙe su. Kafin ya sayar, sai ya ɗaura wa turmi, ya jefo shi daga sama. Igiya ta riƙe, turmi ya yi shiru. Sai tsoho ya shafa gemu ya ce, "Kun gani ko? Ba ta tsinke ba."

Rannan masu hawa suka zo masa, kowa dafe da ƙugu. Babbansu ya ce, "Baba, igiyarka tana riƙewa, amma fizgarta kamar harbin jaki. Ka ninke wani yanki, ka ɗinke da zare mara ƙarfi. In mutum ya faɗo, ɗinkin ya riƙa farkewa a hankali, fizgar ta yi sauƙi."

Tsoho ya ce, "Ni in sa wa igiyata rauni da hannuna? Turmi bai taɓa kawo ƙara ba. Ku 'yan yanzu ƙugunku na kunu ne."

"To Baba, gwada mana da naka ƙugun."

Girman kai ya hana shi ƙi. Ya hau, ya ɗaura, ya saki hannu. Igiya ta riƙe, ƙugu ya ce ƙas.

Aka kinkime shi za a kai wa maɗori. Yana nishi, yana waiwayen igiya, yana cewa, "Ku kwance ta a hankali, yara, kada ku ji mata ciwo."