Guntun Karan Maccido

A zamanin mulkin soja, shekarar da naira ta kori fam, kuɗin mai suka shigo Sakkwato, aka yi ta yanka filaye don gina wa ma'aikata gidaje. Damina tana ƙarewa a lokacin, Sarkin Magina Junaidu kuwa yana kwance a gidansa na Ƙofar Atiku, kowa ya san ba tashi zai yi ba.

'Ya'yansa biyu ke harin rawanin. Maccido, babban, ya gaji ginin ƙasa. Na'Allah, ƙanensa, ya yi makarantar koyon sana'a, ya dawo da ilimin bulo da siminti, har an ba shi aikin gidaje goma sha biyu a wani kwari a gefen Arkilla. Hakimin da ke naɗa sarautar ya riga ya furta cewa in gidajen nan suka tsaya, rawanin na Na'Allah ne.

To, gidan Junaidu suna da wani awo na gado. Laka dai in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke, ta ja duk abin da aka ɗora mata. Saboda haka sai a kwaɓa ƙasar fili, a mulmula ta tsawon kamu guda, a yanka karan dawa daidai da ita, a bar su a rana kwana uku. In kara ya zarce lakar da faɗin yatsa biyu, ba a aza harsashi a wurin.

Junaidu ya sa Maccido ya yi wa ƙanensa awon. Ran na uku Maccido ya hau soro ya duba, sai ga kara ya zarce da yatsa biyu cif. Ya daɗe a tsugune. Shekara talatin yana cuɗa ƙasa da ƙafarsa, yaron da ya goya kuma zai sha gabansa! Ya zaro wuƙa ya datse abin da ya zarce, ya jefa guntun a aljihu.

"Mi kag gani?" in ji tsohon.

"Ranka shi daɗe, ga su. Daidai suke."

Na'Allah ya kama hannun wansa da hannu biyu. "Na gode, Yaya. Awonka ya fi takarda a wurina."

Kada ku ce Maccido kisa ya nufa. Wallahi shi dai tsaga yake so a bango, 'yar kunya ce kawai da za ta karkato da hakimi. Amma wa ya ba shi linzamin ƙasa?

Junaidu ya rasu kafin a yi rufi, aka jingine naɗi sai an ga gidajen. Ranin da ya biyo baya kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba, don shekarun fari ne. Kwarin ya dare, har in mutum ya zura sanda a tsagar ba ta taɓo ƙasa. Harsashi ya nutse ta gefe guda. A gida na bakwai, inda Malam Barnabas, malamin firamare, yake zaune da iyalinsa, bangon falo ya rabu har ana hango waje.

Na'Allah ya zo da kansa. Ya fitar da matar malamin, Tabita, da 'ya'yanta, ya koma ciki da azara zai tokare bangon. Nan ya rufto masa. An ciro shi da rai, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Bayan wata biyu aka naɗa Maccido. Da ya je gaishe da ƙanensa da rawani a kansa, Na'Allah ya sunkuyar da kai ya ce, "Sarki, ka gafarce ni. Na zubar da sunan Baba. Awonka bai ƙarya, aikina na ab banza."

Guntun karan yana aljihun Maccido a lokacin, yana jin sa a cinyarsa. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Ƙaddara ce." Kaico!

Ya yi shekara goma sha tara yana sarauta. Shi ya ciyar da gidan Na'Allah, shi ya aurar da 'ya'yansa, mutane suna ta yabon zumuncinsa, kowane yabo kuwa yana ƙona shi. Bai sake hawa soron nan ba.

Abin da aka ruwaito shi ne, ran da Maccido ya rasu, da masu wanka suka kwance layar da ke damtsensa, sai ɗinkin ya ɓalle. Babu rubutu a ciki, sai guntun kara da ya yi baƙi don gumi. Aka rasa gane kansa, aka kai wa Na'Allah a kan kekensa. Ya juya shi, ya ga sharar wuƙa a gefe guda. Ya ɗora yatsunsa biyu a kai, suka rufe shi daidai.

Yana riƙe da guntun har aka fara kiran a fito da gawa. Sannan ya ce, "Ku tura ni sahun gaba. Wana ne."

Na ga masu neman mulki da yawa, kowa yana zaton ya san iyakar ɓarnar da zai yi. Maccido faɗin yatsa biyu kawai ya yanke. Allah Ya jiƙan su duka biyu.