Kalmomi Ashirin da Bakwai a Murhun Shayi

"Wa ya taɓa igiyar nan?"

Ramatu ce ta yi tambayar, tana tsaye a ƙofar ɗaki da jarkar ruwa a hannu. Igiyar da ke jikin bango ta zama fayau, babu takarda ko ɗaya. A ƙarƙashinta 'yarta Khalida, mai shekara biyar, ta toshe kunnuwa tana buga goshi a gwiwa tana ƙara.

Inna, uwar mijinta, wadda kwananta huɗu da zuwa daga Damagaram, tana fifita gawayi a tsakar gida. Ko waigowa ba ta yi ba.

"Tarkacen buhun simintin nan? Da su na hura wutar shayi. Gawayin garin nan ba ya kamawa."

Jarkar ta suɓuce daga hannun Ramatu.

Ba tarkace ba ne. Tun da aka haifi Khalida ba ta taɓa furta kalma ba. Lekkol biyu, wato makarantun boko, aka kai ta, duka suka mayar da ita tun kafin a nuna mata wurin zama. Sai bara Ramatu ta sami wani ɗan gida da iyayen yara irinta suka buɗe, inda Madam Lalla, wata Buzuwa mai jin Hausa, ke koya wa yara neman abu da hoto. Amma hotunan wurin na dogon burodi ne da kuskus da kujerar ba-haya, Khalida ko kallonsu ba ta yi. Ɗayyabu, mijin Ramatu, magini ne a nan unguwar Gataa El Oued, hayin Sahara, inda suke zaman ci-rani. Shi ya riƙa dawowa da takardar buhun siminti, yana yankawa daidai tafin hannu, yana zana kayan gidansu da alƙalamin da yake shata bango: buta, ludayin fura, tabarma, dabino. Wata bakwai suka yi suna fama kafin yarinyar ta ciro hoton kofi da kanta ta miƙa wa uwarta. Ranar Ramatu ta yi kuka har ta kasa ɗebo ruwan.

"Inna, da takardun nan take magana," in ji Ramatu.

"Magana? Yau na ji abin mamaki! Mutum da bakinsa ya yi magana da buhu?" Inna ta ajiye mafici ta dubi matan maƙwabta uku da suka zo gaishe ta. "Ku shaida. Linzami ne a ƙarƙashin harshenta, da a gida ne da tuni wanzami ya tsinke shi. Amma uwar ta zauna tana wasan 'yar tsana. 'Yar fari, amma tana kiran sunanta gatsal, tana zuba mata ido yini guda, ko kunya babu! Ai dama a gidansu aka kwaso abin, mu ba mu da bebe a dangi."

Matan suka sunkuyar da kai. Alhali kuwa dukansu sun sha ganin Khalida tana miƙa hoto ana ba ta abin da take so.

Ramatu ta haɗiye maganar. Gaskiya ne tana kiran sunan, domin Madam Lalla ta ce yarinya ba za ta san sunanta ba in uwarta na ɓoye shi. Ta zaɓi 'yarta a kan kunya, kuma ba ta yi nadama ba.

Da la'asar Ɗayyabu ya dawo, jiki duk farin siminti. Inna ba ta bari ya wanke ƙafa ba.

"Na aika wa Khamisu wanzami, gobe da hantsi zai zo. In matarka ta hana, ka ba ta takardarta, mu bi mota ɗaya ni da ita. Jikata kuwa ni zan riƙe."

Ɗayyabu ya dubi igiyar, ya dubi toka a murhu, ya ce, "To, Inna." Ya shige ɗaki.

Ramatu ta bi shi. Ta tarar da shi zaune a bakin katifa, ya dafe kai. Wannan ne mutumin da ya tsallaka Sahara ya koma Damagaram don ya aure ta, wanda ya zana buta sau shida saboda hancinta bai yi masa daidai ba.

"Malam, 'to' ka ce?"

"Uwata ce, Ramatu. Me kike so in yi?"

"Ban ce ka ɗaga mata murya ba. Likita ya duba bakin nan a gabanka, ya ce harshenta lafiya lau. Kai ka ji, Inna ba ta ji ba. In aka danne yarinyar nan aka sa mata aska, wa za ta ƙara yarda da shi? Wata bakwai fa!" Ta share hawaye da bakin mayafi. "Ita Allah ne bai buɗe mata baki ba. Kai wa ya rufe maka naka?"

Da asuba ya ɗauki cokalin gininsa ya fice. Ramatu ta bi bayansa da kallo.

Hantsi na yi sai ga Khamisu da zabirarsa. Matan jiya ma suka dawo, har da ƙarin biyu. Khalida ba ta ci komai ba tun jiya, domin ba ta da abin da za ta nuna, duk abin da aka miƙa mata sai ta ture. Inna ta shimfiɗa tabarma.

"Kawo ta."

"Inna, ki yi mini rai," in ji Ramatu. Ta durƙusa, amma ba ta saki yarinyar ba.

"Kun gani ko? A gaban mutane take ƙin maganata!"

Sai aka yi sallama. Ɗayyabu ne, da buhun siminti wofi a hammata. Wurin aiki ya je ya roƙi shugaban magina rabin yini. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Inna, ban taɓa musa miki ba. Ina roƙon arziki, ki ba ni gwargwadon dahuwar shayi ɗaya. In kin gani ba ki gamsu ba, sai mu sake magana."

"Kai ma ta shanye ka?"

"Ni na zana su, Inna. Da hannuna."

Ya yage takardar buhun, ya ciro alƙalami daga bayan kunne. Ya zana kofi. Ya zana dabino. A takarda ta uku ya ja layi biyu, ɗaya ya gicciye ɗaya. Ya jera su a ƙasa ya ja da baya.

Khalida ta daina jijjiga. Ta sauka daga jikin uwarta, ta dubi takardun ta gefen ido kamar yadda ta saba. Ta ɗauki hoton dabino ta kai wa uwarta. Ramatu ta ba ta guda uku, ta cinye, ta zaro harshe tana lasar leɓe har kusa da hanci.

Khamisu ya yi dariya. "Hajiya, wannan harshen ai ya fi nawa tsawo! Me zan yanka a nan?"

"Yi aikinka, ba surutu na kira ka ba," in ji Inna, amma muryarta ta yi sanyi. Ta miƙa hannu ta kama damtsen yarinyar.

Khalida ba ta yi ƙara ba. Ta sunkuya ta ɗauki takarda ta uku, ta ɗora a tafin kakarta, ta danna da yatsa biyu.

"Mene ne wannan kuma?"

"Cewa ta yi ba ta so, Inna," in ji Ɗayyabu.

Inna ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta saki damtsen a hankali.

"Guda nawa ne a igiyar?"

"Ashirin da bakwai," in ji Ramatu.

"Innalillahi! Duk maganar da take da ita ke nan a duniya, na dafa shayi da ita?" Hawaye suka zubo mata. "Ramatu, taso mu shiga ɗaki, ina da magana."

Ramatu ba ta tashi daga durƙuson ba. "Inna, na yafe tun jiya. Amma a gaban matan nan aka ce daga gidanmu aka kwaso. Maganar za ta riga mu isa Damagaram, ga ƙannena mata ba su yi aure ba."

Inna ta gyara lulluɓi, ta fuskanci matan. "Ku da kuka ji ta jiya, ku ji ta yau. Na faɗi abin da ban sani ba. Babu laifin gidansu, babu na namu. Wadda ta kai waccan, ta kai wannan."

Haka ya kamata. Wanda ya ɓata suna a bainar jama'a, a bainar jama'a zai gyara, ba a ƙuryar ɗaki ba. Yaro irin Khalida ba aska yake bukata ba, malami yake bukata da iyaye masu haƙuri. Kuma lekkol biyun da suka mayar da ita daga bakin ƙofa, su ma akwai bashin neman gafara a kansu, har yau ba su zo ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma faɗa mata gaskiya cikin ladabi yana cikin biyayyar, shiru ne ba ya ciki.

Da yamma Ɗayyabu ya zauna yana sake zanen, Ramatu na huda takardun tana zura igiya. Ya ɗago ya dube ta.

"Kin ji bakina ya buɗe?"

"Da ƙyar," ta ce, tana murmushi.

Inna ta matso ta leƙa. "Kai, zana ni ma. Amma kada ka yi mini hanci irin na butar nan!"

Ya zana tsohuwa da mafici a hannu, ya rataye a ƙarshen igiya. Mako uku takardar tana nan, Khalida ko kallonta ba ta yi. Inna ta ɗaga tafiyarta sau biyu, ba ta faɗi dalili ba. Ranar wata Juma'a tana zaune tana fifita gawayi, sai ta ji an ɗora mata wani abu a cinya, an danna da yatsa biyu. Da ta duba, sai ga Khalida a gabanta, takardar kuwa ta tsohuwa mai mafici ce.